Allon da Ya San Magariba

Duk wanda ya zauna ya yanke shawarar cewa maɓallan allon kwamfuta a ƙarƙashi za a ɓoye su, baƙaƙe a jikin baƙar roba, ba rubutu ba alama, ina da magana da shi. Ba faɗa zan yi ba. So nake in ara masa allona na dare ɗaya, in kashe fitilar ɗaki, in ce bisimilla, rage masa haske.

Sana'ata tsara katin biki ce, da kalanda, da 'yan littattafan da marubuta ke bugawa da kuɗin aljihunsu. Aikin dare ne, don da rana gidanmu ba ya zaunuwa. Da allon laftof ya fara yi mini kaɗan sai na shiga kasuwa na sayo ƙaton allo ɗan gwanjo, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama yayinsu aka lodo mana a kwantena. Mai shagon ya haɗa mini da wayar VGA, mai shuɗin kan nan da kusoshi biyu na murɗawa. Da ya ji laftof ɗina ramin HDMI kaɗai gare shi, sai ya laluba aljihun tebur ya miƙo mini wata 'yar adafta, ya ce gyara ce. Na yi godiya har da addu'a.

Da rana allon ba shi da laifi. Dare ne ya tona halinsa. Ina kunna shi cikin duhu ɗakin ya koma rana tsaka. Lokacin damina ne, duk wani shinge da ƙwaron unguwa ya bar fitilar masallaci ya yo wajena. Idona ya riƙa zubar da ruwa, har yara suka ɗauka wani labari na samu daga gida nake ɓoye musu. Batirin inbata da a da yake kai mu asuba ya koma mutuwa tsakar dare, fanka ta tsaya, uwargida ta farka cikin gumi tana tambayar wane ne ya shanye wutar.

Na danna maɓallan rage haske na laftof, masu hoton rana. Ƙaramin allo ya yi ta dusashewa cikin ladabi har ya kusa mutuwa, babban ko gezau. Na laluba ƙarƙashinsa na sami maɓallai biyar. Huɗu suna da rai. Na farkon, wanda ke buɗe jerin zaɓi, wanda in ba shi sauran huɗun ba su da aikin kirki, ya lume ciki tun a hannun Baturen da ya riga ni. Rami kawai ya bari.

Manhajar rage haske da na fara saukewa ta yi aiki nan take, har na yi hamdala. Ina jan sandan da ke cikinta allon ya yi duhu. Sai dai kibiyar linzami ta ƙi bin sahu, ita kaɗai take yawo fara tas, kuma inbata bai san an yi wani sauyi ba, ya mutu a lokacin da ya saba. A daren ne na ɗauki hoton katin wata amarya daga kan allo na tura mata ta duba. Amsarta ta zo da safe: "Malam, biki fa za mu yi, ba sadakar uku ba." Katin ruwan hoda ne da ruwan gwal. A wayarta ya isa launin toka.

Ƙanena ya zo cin tuwo a makon. Kwamfuta yake karanta a jami'a, kuma yana cikin masu ganin duk wanda ya haura arba'in bai kamata a bar shi shi kaɗai da na'ura ba. Ya kalli allon, ya kalle ni.

"Yaya, wannan ai baƙin fenti take shafa wa hoton. Fitilar tana nan tana ci."

Ashe irin wannan allo ba ya haske da kansa. Fitilu ne jere daga bayansa suke haskowa, kuma su ke shan mafi yawan wutar da yake ja. Na laftof a jikin laftof suke, shi ya sa yake juya su yadda ya so. Na babban allo kuwa gidansu daban, ikonsu daban. Amma akwai hanya, in ji shi, kuma ta girme shi. Tun 1998 ƙungiyar VESA, wadda kamfanonin allo da na kwamfuta suka haɗu a cikinta don kayansu su riƙa jituwa, ta fitar da wani tsari mai suna DDC/CI. A cikin wayar da ke kai hoto akwai siraran layuka biyu da ba hoto suke ɗauka ba. Ta nan allo ke gabatar da kansa ga kwamfuta, ya faɗi sunansa da girmansa, ta nan kuma kwamfuta za ta iya ba shi umarni. Kowane umarni da lambarsa, a ƙidayar 'yan kwamfuta mai tafiya sha shida-sha shida: 10 haske, 12 bambancin fari da baƙi, 60 zaɓen ramin da hoto zai shigo, 62 murya. Wato tun kafin in yi aure allo yana da kunne, ba wanda ya gaya mini.

Manhajojin da ke magana da wannan kunne kuwa sun fi a ƙirga, yawancinsu kyauta. Masu Windows irina suna da Monitorian da Twinkle Tray. Masu Mac suna da MonitorControl da Lunar, su ma sun fi mu buƙata, don in sauti ya koma allo ta HDMI maɓallan muryarsu ba sa taɓa shi. Masu Linux, da yake ba sa ƙaunar abu mai sauƙi, suna da ddcutil, wadda sai ka rubuta mata umarni da hannu. Ya zaɓa mini ɗaya ya ɗora. Ta buɗe, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce ba ta ga allon da za ta yi wa magana ba. Allon kuwa ga shi nan gabanmu yana soya mana ido.

Na zare wayar VGA na haska kanta da tocilan waya. An ce allurai 15 ne, jeri uku, biyar-biyar. Na ƙirga na sami 14. Na miƙe tsaye da murna, na kama ɓarawo, har na fara neman takalmin komawa kasuwa. Ƙanena ko ɗagowa daga kwanon tuwo bai yi ba, ya ce ta tara ce, tsofaffin wayoyi da yawa haka ake yin su babu ita. Masu kai saƙo ta 12 ce da ta 15, kuma duk suna nan. Ko an jona su ta ciki, wannan sai mai kamfanin, don masu arha sukan tsallake. Amma shi adaftar yake zargi.

Duk wanda ya taɓa zuwa zance ya san wannan wahala. Ka tsaya a ƙofar gida, ka sami yaro ka ba shi alawa, ka ce shiga ka ce ana sallama da wance. Yaro ya shiga, ya zauna a zaure ya shanye alawarsa, ya ɓulle ta ƙofar baya. Kai kana waje sauro na cinka kana zargin yarinya da girman kai, ita kuwa ba ta ma san ka zo ba. Adaftar nan da na yi wa addu'a hoto take wucewa da shi, saƙon kuwa a zaure take barinsa.

Ƙanena ya kifa allon a kan katifa, sai ga ramin HDMI a bayansa yana kallon ƙasa, ƙura ta toshe shi, ba a taɓa shigarsa ba. Washegari na sayo waya, na jona kai tsaye ba ɗan tsakani. Hoto ya fito tangaran. Manhaja ta sake dubawa, ta sake cewa ba ta ga kowa ba. Ƙari a kan haka, kwamfutar ta kurumce gaba ɗaya. VGA ba ta ɗaukar sauti, HDMI tana ɗauka, don haka Windows ya ga an sami sabon gida ya kwashe sautin duka ya kai wa allon. Ban ma san allon yana da sifika ba. Yana da su, ƙanana biyu a bayansa, amma ma'aikacin ofishin can ya rage muryarsu zuwa sifili, da alama don kada shugabansa ya ji abin da yake kallo, kuma haka suka ƙetaro teku.

Na kira ƙanena a waya. Ya yi shiru kaɗan, irin shirun likita.

"Yaya, wasu allunan a kashe suke zuwa da DDC/CI ɗin. Sai an kunna."

"To kunna mini."

"Daga jikin allon ake kunnawa. A cikin jerin zaɓi."

"Da wane maɓalli?"

"Na farkon."

Manhajar da za ta raba ni da maɓalli har abada, sai an danna maɓallin kafin ta fara aiki. Sau ɗaya tak ake bukata, kuma shi ne ba ni da shi.

Tsinken tsire ne ya fitar da ni. Robar waje ce ta karye, amma can cikin ramin akwai ɗan mitsitsin makunni da ke nan da ransa, in tsini ya same shi daidai za ka ji ƙas. Wahalar ita ce ramin ƙasa yake kallo, rubutun kuma gaba. Na jawo allon bakin tebur, na kwanta rigingine a ƙasa, tocila a baki, tsinke a hannun dama, madubin uwargida a hannun hagu na miƙa shi sama ina hango abin da ke fitowa. Da na ji ƙas sai ga jerin zaɓi ya bayyana. Da Jamusanci. A cikin madubi kuma, wato a juye. Kafin in gama haɗa harafi uku ya ɓace, don in aka yi 'yan daƙiƙu ba a taɓa komai ba yakan ɗauka ka fasa.

Na sake. Wannan karon na yi sauri, na danna na kusa da shi, allon ya yi baƙi ƙirin ya tafi neman hoto a ramin VGA da babu kowa. Na dawo da shi da ƙyar. Na shiga wani layi da na yi zaton na haske ne, na fito Jamusancin ya tafi, wani rubutu ya maye gurbinsa wanda ko harafi ɗaya ban taɓa gani a makaranta ba. Autanmu ya leƙo ya ga ubansa kwance ƙarƙashin tebur da tocila a baki, yawu na bin kumatu, ya ruga ya sanar da uwarsa cewa Abba ya faɗi. Ta zo, ta tabbatar ina numfashi, ta ce in na gama a mayar mata da madubinta.

Abin da ya cece ni shi ne haruffan nan biyar ba sa canzawa ko da wane harshe allon ke magana. Can ƙasan wani jeri na hango su, DDC/CI, a tsakiyar baƙin rubutu. Na danna. Na fito daga ƙarƙashin tebur ƙugu ya riƙe, na kalli manhaja, sai ga sunan allon da lambobinsa, ga sanduna biyu a ƙarƙashi, ɗaya na haske ɗaya na murya.

Na ja na sama. Allon ya ɗan yi jim, don layukan nan biyu ba su da gaggawa, sannan hasken ya sauko, na gaske, baƙi ya zama baƙi, kibiya ma ta bi sahu. Na yi ta kai shi sama ina dawo da shi ƙasa ba don komai ba. A daren fanka ta kai mu asuba. Na sa masa lokaci ma: ƙarfe shida da rabi na yamma ya rage da kansa, bakwai na safe ya ƙaro. Sandan murya kuwa na ja shi har ƙurya, 100, don in ga ko yana motsi. Yana motsi. Ba abin da ke kunne a lokacin, don haka ban ji komai ba, na ci gaba da harkokina.

Amaryar nan mai kati ta turo saƙon murya da yamma, tana faɗa mini kalaman da take so a buga a bayan littafin rabo na 'yan biki. Na fara ji, aka kira salla, na tsayar a tsakiya. Wajen ƙarfe biyun dare, gari ya yi tsit, na buɗe WhatsApp a kwamfuta don in kwafe kalaman. Saƙon ya ɗora daga inda na tsaya.

"...kai ne sanyin idona, tun ranar da na fara ganinka ban sake barcin kirki ba..."

Ban san sifikun da ba su kai girman kwalin ashana ba suna iya wannan aiki ba. Karen maƙwabta ya amsa. Na kai hannu a gigice na ja sanda ƙasa, sai na ga muryar tana nan, allon ne ke dusashewa. Na haske na ja. Daidai lokacin uwargida ta ɗaga labule, ta tarar da mijinta a duhu, yana rage hasken allo da sauri, wata mace tana rantse masa da Allah cewa ba ta da kowa sai shi.

"Malam, wace ce wannan da ba ta barci?"

"Kwastoma ce."

"Allah sarki. Ga shi kai ma ba ka yi."

Sai da na mayar da saƙon farko, daga "Salamu alaikum Malam, ga abin da za a rubuta wa ango," ta saurara har ƙarshe a tsaye, hannu a ƙugu. Ta ce kalaman sun yi yawa, a rage, kunya ma ado ce. Har ta juya ta waiwayo ta ce ita da aka yi nata bikin ko kalanda ba a buga ba.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo daga ƙauye aka yi mata aikin yanar ido. Aiki ya yi kyau, ta dawo tana ganin abubuwan da ta shekara ba ta gani ba, ciki har da furfurata da ƙurar saman firij. Ɗakin aikina aka gyara mata. Da yamma yara kan kunna mata wa'azi a babban allon, ta zauna a tabarma tana kallon malamin tana yaba rawaninsa.

Rannan na fita masallaci da wuri. Ƙarfe shida da rabi na cika, allon ya yi abin da aka umarce shi. Gwaggo ta ga malami ya dusashe, rawani ya koma dishi-dishi. Ta dafe ido ta ƙwala salati, ta ce shi ke nan, aiki ya warware, a kira likita. Yara suka ce a'a Gwaggo, mu ma mun gani. Wannan magana ba ta kwantar mata da hankali ba, sai ma ta sauya wa matsalar gida. In ba idonta ba ne, kuma ba wanda ya taɓa, kuma ga shi daidai faɗuwar rana, lokacin da kowace uwa ke kiran 'ya'yanta su shigo daga waje, to ai magana ta fito.

Na dawo na tarar da hayaƙi na fita ta taga. Na ruga a guje ina zaton inbata ne ya kama. Kasko ne a tsakar ɗaki, garwashi da tazargade, yara an jera su a bango ana musu tofi. Allon an lulluɓe shi da zane. Kofin ruwa na hannun Gwaggo, kuma daga yadda ta riƙe shi na gane ba sha za ta yi ba. Na shiga tsakaninsu.

"Gwaggo, don Allah kar ki watsa. Ni na sa shi."

"Kai ɗan nan, kana masallaci."

"Tun kwanaki na gaya masa, in shida da rabi ta yi ya rage."

Na yaye zanen, na zauna, na ja sanda sama haske ya dawo, na ja ƙasa ya tafi. Na yi mata bayanin siraran layuka biyu, har da VESA da 1998, don mutum in ya sha wuya a kan ilimi ba ya son ya tafi a banza. Ta saurara, ta ajiye kofin, amma kusa.

"Sau nawa ka gaya masa?"

"Sau ɗaya."

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe."

Ta juya ta kalli jikokinta ɗaya bayan ɗaya, kallo mai tsawo, ba ta ce komai ba.

Na ce bari in cire lokacin kawai kowa ya huta. Ta ce kul. Daga ranar, da allo ya dusashe sai ta ce a kashe wa'azi, a miƙo buta. Ta daina tambayar kowa ƙarfe nawa. Mata suka zo duba ta, ta tsare su da hira har shida da rabi don su gani da idonsu, aka yi ta salati, wata ta tambaya ko zan yi wa talabijin ɗinta. Na ce yawancin talabijin ba sa jin wannan yare, nasu daban ne, ta ce ai dama ta san rowa za a yi mata.

Sai dai rana ba ta bin agogona. A Kano magariba kan kusa kai ƙarfe bakwai a tsakiyar damina, in kaka ta wuce kuma ta gangaro wajen shida. Ni a ƙarshen damina na sa lokacin, shi ya sa suka dace. Da aka ɗan kwana biyu ladan ya fara riga allon. Gwaggo ta kira ni, fuska ba wasa.

"Abin naka ya fara makara. An idar da salla yana nan yana haske."

Na matso da shi baya da minti goma. Bayan kwanaki na sake matsowa. Ta koma ƙauye ido garau, amma ba ta sauke nauyin ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ta sa aka kira mata ni. Ta tambayi yara, ta tambayi uwarsu, ta ce a gaida mai tuwo, wato ƙanena. Na ɗauka an gama, sai ta ce:

"Shi kuma fa, an gyara masa lokacin? Kar ka bar shi ya saba da makara, in ya saba ba ya bari."